Bimbini a kan Littafi Mai Tsarki a Ɗariƙar Katolika ta Katsina

Bimbini a kan Littafi Mai Tsarki wata hanyar ibada ce ta mabiya ɗariƙar Katolika, inda mutum ɗaya ko jama'a ke karanta ɗan yanki daga Littafi Mai Tsarki a tsanake, su yi shiru a kansa, sannan su nemi abin da yake faɗa game da rayuwarsu ta wannan rana, kamar gona, kasuwa, aure, ciwo, bashi ko tsoro. A Hausar yau da kullum, bimbini shi ne juya magana a zuci ana ta nanata ta, kuma wannan kalma ce Kiristoci masu jin Hausa suka ɗauka don wannan aiki. A birnin Katsina, cibiyar wannan ibada ita ce babbar majami'ar Waliyyi Martin de Porres, mazaunin bishop na Dayosis ɗin Katsina, wanda marigayi Fafaroma Francis ya kafa a ranar 16 ga Oktoba 2023.

Bimbini ya bambanta da nazari. Mai nazari yana tambayar wa ya rubuta, yaushe, da wane harshe. Mai bimbini ba ya raina waɗannan tambayoyi, amma tasa tambayar ita ce: me wannan magana take nema daga gare ni yau?

Asali

Tun ƙarni na 6, dokar da Waliyyi Benedict ya tsara wa masu zaman zuhudu a Italiya ta ware sa'o'i na musamman a kowace rana don karatun ibada, wanda ake kira lectio divina da Latin. A ƙarni na 12 wani mai zuhudu a Faransa, Guigo na Biyu, ya tsara shi a matakai huɗu kamar tsani. Ana farawa da karatu, sai bimbini, sai addu'a, daga ƙarshe kuma natsuwa a gaban Allah ba tare da magana ba. Malaman wancan zamani sukan kwatanta mataki na biyu da tuƙa, yadda saniya ke kwanciya a inuwa ta dawo da abin da ta ci tun safe ta sake taunawa. Duk wanda ya taɓa kiwo ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Ƙarnuka da dama wannan ibada ta fi zama a hannun masu zuhudu da malaman coci, domin littafin da sallar duk da Latin suke. Babban Taron Vatikan na Biyu, daga 1962 zuwa 1965, shi ya sauya lamarin. A 1963 ya buɗe ƙofar yin ibada da harsunan jama'a, a ranar 18 ga Nuwamba 1965 kuma ya fitar da takardar Dei Verbum, wadda ta ƙarfafa kowane mai bi ya riƙa karanta Littafi Mai Tsarki tare da addu'a. Da babu wannan sauyi, da wuya a yi maganar bimbini da Hausa a ƙauyukan Katsina. Fafaroma Benedict na 16 ya sake jaddada lectio divina a takardarsa Verbum Domini ta 2010, Fafaroma Francis kuma a 2019 ya ware Lahadi ta uku ta lokacin da ake kira na yau da kullum, wadda ke faɗowa a watan Janairu, a matsayin Lahadin Maganar Allah.

Katolika a ƙasar Katsina

Tarihi ya nuna cewa limaman Katolika sun taɓa isowa birnin Katsina tun da daɗewa. A 1710 wasu fada biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan, ƙarƙashin Carlo Maria na Genoa, suka taso daga Tarabulus ta hanyar Fezzan da Agadas. A 1711 rashin lafiya ta kashe su a Katsina, ba su bar wata jama'a a bayansu ba.

Cocin da ake gani a yau ɗan ƙarni na 20 ne, kuma daga tushe biyu ya tsiro. Na farko ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudancin Najeriya da tsakiyarta a zamanin mulkin Turawa da bayansa, suka zauna a birane irin su Katsina da Funtua. Na biyu Hausawan karkara, musamman Maguzawa na yankin Malumfashi da Kafur da kewaye, waɗanda suka karɓi Kiristanci. A 1953 aka kafa yankin mishan na Sakkwato aka danƙa shi ga 'yan ƙungiyar Dominikan daga Amurka, a 1964 kuma ya zama cikakken dayosis. Ƙasar Katsina tana ƙarƙashinsa har shekara 70, a zamanin bishop Edward Lawton, da Michael Dempsey, da Kevin Aje, da Matthew Hassan Kukah wanda ya hau a 2011. Nisan da ke tsakanin Sakkwato da Katsina, ɗaruruwan kilomita a mota, ya isa ya nuna wahalar kula da jama'ar daga wuri ɗaya.

Sawun 'yan Dominikan yana nan a sunayen majami'u. Vincent Ferrer, wanda cocin Malumfashi ke ɗauke da sunansa, mai wa'azi ne na ƙungiyar. Martin de Porres kuwa, wanda aka haifa a Lima ta ƙasar Peru a 1579 ya rasu a 1639, ɗan wani Basifane ne da wata 'yantacciyar baiwa mai asalin Afirka. Bai zama fada ba. Shara da jinyar marasa lafiya ya yi, shi ya sa ake zana shi riƙe da tsintsiya. An ayyana shi waliyyi a 1962, ana bikin tunawa da shi kowace 3 ga Nuwamba.

Bishop na farko na Katsina shi ne Gerald Mamman Musa, ɗan asalin jihar, wanda aka haifa a 1971, ya zama fada a 1996, aka naɗa shi bishop a ranar 12 ga Disamba 2023. Ana bayyana shi a matsayin Bahaushe na farko da ya zama bishop a ɗariƙar Katolika. Fanninsa ilimin sadarwa ne, ya yi karatu a Roma da Ostareliya, ya koyar a Fatakwal, kuma tun yana fada an san shi da rubuta bimbinin karatun Lahadi da Turanci da ake yaɗawa a intanet. Dayosis ɗin yana ƙarƙashin babban lardin Kaduna, kuma mabiyansa tsiraru ne ƙwarai a jihar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne.

Ba mai wa'azi ke zaɓen aya ba

Abin da ya fi bambanta bimbinin Katolika da na wasu ɗariƙun Kirista shi ne jadawali. Fada ba ya tashi da safe ya zaɓi ayar da ta yi masa daɗi. Akwai littafin karatu da aka tsara a 1969, wanda ya ƙayyade abin da za a karanta a kowace rana ta shekara. Ran Lahadi ana karanta yanki daga Tsohon Alkawari, sai Zabura da jama'a ke amsawa da waƙa, sai yanki daga wasiƙun manzanni, sai Bishara. Jadawalin Lahadi yana zagayowa a shekara uku: shekarar A ta Bisharar Matiyu ce, B ta Markus, C ta Luka, ana kuma saka Yahaya musamman a lokacin azumi da na Ista. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, duk shekarar da uku ta raba ba saura ita ce C, kamar 2025. Sabuwar shekarar coci tana farawa ne Lahadi huɗu kafin Kirsimeti.

Sakamakon haka, abin da aka karanta a babbar majami'ar Katsina shi aka karanta a ƙaramin coci na ƙauyen Kafur, shi kuma aka karanta a Roma. Wannan tsari yana da nauyi. Yana hana mai wa'azi maimaita ayoyin albarka da buɗi kaɗai, yana kuma tilasta masa ya tsaya a kan maganar da shi da masu sauraronsa ba sa son ji a wannan mako.

Littafin da kansa ya ɗan fi na sauran ɗariƙu girma. Katolika na ƙirga littattafai 73, wato 46 a Tsohon Alkawari da 27 a Sabo, yayin da Furotesta ke da 66. Cikin bakwai ɗin da suka ƙaru akwai Tobit, labarin wani mai sadaka da ke binne gawarwakin da aka yasar a ƙasar baƙunci, da Sirak, wanda ke cike da nasiha kan abota, bashi, riƙon harshe da girmama likita. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a karon farko a 1932, fassarar 1979 kuma tana da bugu mai ɗauke da waɗannan ƙarin littattafai.

Misali daga damina

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar bimbini ita ce a ga yadda yake aiki a kan karatu guda. A shekarar A, Lahadi ta 15 ta lokacin yau da kullum tana faɗowa wajen tsakiyar Yuli, lokacin da gero da dawa suka tashi a gonakin Katsina ana fama da noma. Karatun farko daga Ishaya sura 55 ne, inda aka kwatanta maganar Allah da ruwan sama da dusar ƙanƙara da ba sa komawa sai sun jiƙa ƙasa ta ba da iri da abinci. Ba wanda ya taɓa ganin dusar ƙanƙara a Katsina, amma ƙamshin ruwan fari kowa ya san shi. Zabura ta 65 tana maganar kunyoyi da suka sha ruwa da kwaruruka cike da hatsi. Bishara kuma Matiyu sura 13 ce, misalin mai shuka wanda irinsa ya faɗa a hanya, da kan dutse, da cikin ƙaya, da ƙasa mai kyau.

Manomin Katsina da ya saurara da kyau zai ga wani abu da ɗan birni ba zai lura da shi ba. Shi ba haka yake shuka gero ba. Sara yake yi da sungumi, a zuba 'yan ƙwayoyi a rami, a rufe da diddige. Mai shukan da ke cikin misalin yafa iri yake yi ko'ina, har kan turba. Ga wanda ya ɓoye irinsa tun kaka, ya hana yara taɓa shi ko da rumbu ya yi ƙasa, wannan ɓarna ce. Daga wannan mamakin bimbini ke farawa. Mai bimbini zai iya tsayawa a kan cewa Allah ba ya rowar maganarsa ko ga wanda ba a sa ran zai karɓa. Zai iya kuma juyowa kansa ya tambaya wace ƙaya ce ke shaƙe tasa shukar, ko bashin taki ne, ko gaba da ɗan'uwa a kan iyakar gona. Daga nan sai addu'a, sai niyyar yin abu guda takamaimai a wannan mako. Lahadin da ke biye tana kawo misalin alkama da ciyawar da maƙiyi ya shuka da dare, wanda duk mai yaƙi da ƙuduji a gonarsa yake ji a jika.

Koyarwar Katolika tana sa wa wannan aiki iyaka. Katekizim na 1992 ya ce nassi yana da ma'ana ta zahiri, wadda ita ce tushe, da ma'anoni na ruhaniya guda uku: abin da yake nunawa game da Almasihu, abin da yake koyarwa game da hali, da abin da yake nunawa game da lahira. Ana kuma karanta shi tare da al'adar Ikilisiya da koyarwar bishop-bishop. Mai bimbini yana da 'yancin jin abin da ayar ke faɗa masa, amma ba shi da izinin fito da sabuwar aƙida daga cikinta.

Masu ɗauke da aikin

A dokar coci ta 1983, wa'azin da ke biyo bayan Bishara a cikin Misa na fada ne ko dikon kaɗai, kuma wajibi ne ran Lahadi. Fafaroma Francis ya sha nanata cewa kada ya wuce minti takwas zuwa goma, shawarar da ba kasafai ake cika ta a Najeriya ba.

Sai dai fada ba su da yawa, ƙananan majami'u kuwa suna warwatse a ƙauyuka. A Lahadin da fada bai samu zuwa ba, katekis ne ke tara jama'a, ya karanta karatun ranar da Hausa, ya yi bayani, ya jagoranci addu'a. Shi ne kuma ke shirya masu neman baftisma da masu aure, yakan tsaya a jana'iza. Yawancinsu manoma ne kamar masu sauraronsu, abin da ke sa misalansu su fito daga gona da rumbu. A Malumfashi akwai cibiyar horar da katekis mai ɗauke da sunan Joseph Mukasa, wanda aka kashe saboda bangaskiyarsa a Yuganda a 1885. Idan ana neman inda bimbinin Hausa na Katolika ya samu bakinsa, wajen waɗannan malamai ya kamata a fara dubawa.

Sai Zumuntar Mata Katolika, wadda ta yaɗu a duk arewacin Najeriya. A taronsu ana karatu da addu'a da waƙa, ana kuma tara gudummawa don mai haihuwa, marar lafiya ko gwauruwa. Waƙa tana da muhimmanci a inda ba kowa ke iya karatu ba, domin ayar da aka mayar waƙa tana bin mace har wajen daka da rijiya. A irin wannan wuri bimbini ya fi zama aikin kunne da baki fiye da na ido.

Akwai kuma tsarin karatun ƙungiya da Cibiyar Lumko ta Afirka ta Kudu ta fito da shi a shekarun 1970, wanda ya bazu a Afirka da Asiya. Maƙwabta kaɗan ne ke zama a gida, a karanta nassin, kowa ya furta kalma ko jimlar da ta taɓa shi, a yi shiru na 'yan mintoci, sannan kowa ya faɗi abin da ya ji ba tare da gardama ba, a ƙarshe a yanke aikin da za a yi tare.

Rosari da Hanyar Gicciye su ma bimbini ne. Rosari carbi ne da ake jan addu'o'i da shi ana tuna al'amura 20 daga rayuwar Yesu da Maryamu, biyar daga cikinsu Fafaroma John Paul na Biyu ne ya ƙara a 2002. Hanyar Gicciye tasha 14 ce, ana yin ta musamman ranakun Juma'a na lokacin azumi.

Harshe da maƙwabtaka

A cikin birnin Katsina jama'ar coci gauraye ce ta kabilu da dama, don haka Turanci da Hausa ne ke haɗa su. A karkara Hausa ce harshen uwa da na ibada baki ɗaya. Wannan Hausar kuwa ta daɗe da shan kalmomin addini daga Larabci. Kirista Bahaushe yana cewa Allah, annabi, mala'ika, Zabura, sadaka, tuba, gafara, alheri, aljanna, kamar yadda maƙwabcinsa Musulmi ke cewa. Mabiyan Yesu ma a fassarar Hausa almajirai ake kiransu, kalmar da a Katsina ke kawo hoton yaro da allo a gaban malaminsa.

Wannan tarayya tana sauƙaƙa hira, tana kuma iya rufe bambanci. Wanda Kirista ke kira Yesu Almasihu, yana gaskata cewa Ɗan Allah ne da ya mutu ya tashi, shi Musulmi ke kira Annabi Isa, ɗaya daga manyan manzanni, ba tare da yarda da waccan aƙida ba. Masu wa'azi a irin wannan wuri suna auna kalmominsu, domin masu sauraro da yawa suna da 'yan'uwa na jini Musulmi, wani lokaci a gida ɗaya. Takardar Nostra Aetate ta 28 ga Oktoba 1965 ta umarci 'yan Katolika su dubi Musulmi da girmamawa, ta ambaci sallarsu da sadakarsu da azuminsu.

Waɗannan abubuwa uku su ne jigon Bisharar da ake karantawa kowace Larabar Toka, ranar fara azumin kwana 40, daga Matiyu sura 6, wadda ke gargaɗi a kan yin su don idon mutane. A 2025 azumin Ramadan ya fara a Najeriya ranar 1 ga Maris, Larabar Toka kuma ta faɗo ranar 5 ga Maris, sai al'ummomin biyu suka yi makonni suna azumi a lokaci guda. Yanayin azumin dai ya sha bamban. Wajibin Katolika shi ne a ci cikakken abinci sau ɗaya a Larabar Toka da Juma'ar Gicciye, ga masu shekara 18 zuwa 59, da ƙaurace wa nama a ranakun da aka ƙayyade. Ba a hana shan ruwa.

Bimbini a lokacin 'yan bindiga

Matsalar tsaro ta sauya yadda ake jin wasu ayoyi a Jihar Katsina. Hare-haren 'yan bindiga sun shafi kowa, kuma mafi yawan waɗanda abin ya rutsa da su Musulmi ne, kamar ɗalibai sama da 300 da aka sace a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020. Cocin Katolika ma bai tsira ba. A watan Mayu 2021 aka kai hari cocin Vincent Ferrer na Malumfashi, aka kashe Fada Alphonsus Bello, aka sace dattijo Fada Joseph Keke, wanda aka sako daga baya. A ranar 25 ga Mayu 2022 aka shiga gidan fada na cocin Waliyyi Patrick a Gidan Maikambu cikin ƙaramar hukumar Kafur, aka tafi da Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara da wasu mutum biyu. Sun yi kimanin wata guda a daji kafin a sako su, Fada Ojapah kuma ya rubuta littafi a kan abin da ya gani.

A nan ne nauyin jadawali ke fitowa sosai. A shekarar C, Lahadi ta 7 ta lokacin yau da kullum, kamar ta 23 ga Fabrairu 2025, tana kawo labarin Dawuda da ya samu Sarki Saul, mai farautar ransa, yana barci amma ya ƙi kashe shi, tare da Luka sura 6 inda Yesu ya umarci a ƙaunaci maƙiya a yi musu addu'a. Katekis ɗin da zai karanta wannan a gaban wanda ya sayar da gona da shanu don biyan kuɗin fansa ba shi da damar tsallakewa zuwa wani shafi. Koyarwar Katolika tana bambanta gafara, wadda ke nufin barin ramuwa da ƙiyayya a zuci, da adalci, wanda ya rage haƙƙi a kan hukuma. Ta kuma yarda da kare kai. Amma bambancewa a takarda ya fi sauƙi a kan yi wa wanda aka kashe wa ɗa bayani. A irin wannan hali Zaburoyin kuka, waɗanda ke tambayar Allah har yaushe, suna ba mai baƙin ciki kalmomin da zai kai ƙararsa ba tare da ya ji ya yi saɓo ba.

Sababbin hanyoyi

Wayar hannu ta ƙara wata kafa. A yau karatun rana da gajeren bimbini suna yawo a WhatsApp da Facebook, a rubuce ko a murya, kuma saƙon murya ya fi dacewa da wanda bai iya karatu ba. Mafi yawan abin da ke yawo dai da Turanci yake, an kuma rubuta shi don mutanen wasu wurare, da misalan da ba su san rumbu ko kuɗin fansa ba. Rubutaccen bimbinin Katolika da Hausa bai kai yawan wanda ake yi da baki a majami'u da tsakar gidaje kowane mako ba, kuma mafi yawan wannan na baka ba a ɗaukar sa a faifai ko a takarda.